Allurar da Aka Yi wa Humaira

Alhamis, bayan La'asar

Ba wanda ya faɗa mini. Ina zaune a benci ƙofar ɗakin haihuwa sai ma'aikaciyar ta fito, hannunta a dunƙule. Ta durƙusa gabana, ta buɗe tafina, ta zuba mini 'yan kunne biyu da zoben azurfa. Na ce a raina, me zan yi da 'yan kunnen yarinya, ai za ta nema in ta farka. Sai na ga matar ba ta tashi daga durƙuson ba. A nan na gane.

Shekaranjiya ke nan, Talata. Yau aka yi sadakar uku.

Wannan littafinta ne na makaranta, rabinsa ba rubutu. Ni iyakata aji shida, hannuna ba kyau, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. 'Yar fari ce. Shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, sai "ke", sai "yarinyar nan". Yanzu ma mata na zuwa gaisuwa suna leƙen idona, su ga ko zan yi abin kunya. Ban yi ba. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta kai gulma: Humaira. Humaira.

Yaron yana da rai, namiji ne. Kulu, uwar mijinta, ta naɗe shi tun a asibiti ta wuce da shi gidansu. Ko ɗaukarsa ban yi ba.

Juma'a, hantsi

An yi ruwa da iska, geron bayan gida ya kwanta. Ya kwanta mana.

Asabar

Ba na son ranar nan.

Lahadi, bayan Azahar

Yau na ji abin da ake faɗa. Wai asid aka ɗura mata a asibiti, kuma ni na sa hannu aka ɗura.

Ga yadda aka yi, in rubuta kafin su canza mini shi. Goyon ciki ta zo gida tun watanta bakwai, kamar kowace mai cikin fari. Talata da hantsi tana tsinkar zogale a gindin turmi ta faɗi tana jijjiga, ta tauni harshenta. Malam Dabo, mai gidan nan, yana gona. Mijinta Zaharaddini yana Kano wurin aikin gini. Ni na fita ba mayafi na tare mota. A asibiti suka miƙo takarda, na rubuta sunana. Suka yi mata allura a jijiya, suka ƙara a ɗuwawu. Ta ɗan farfaɗo, ta ce, "Inna, wuta! Jikina wuta!" Daidai lokacin Kulu ta shigo. Abin da ta ji ke nan, shi ta ɗauko ta kawo gari. Sun ciro yaron. Ita ba ta kai La'asar ba.

Yanzu a bakin rijiya, a gidan niƙa, har a Islamiyya, zancen ɗaya ne: uwa ta kai 'yarta an ƙona ta. Waɗanda suka ci tuwon sadakata ranar Alhamis su ne masu faɗa. Allah ya isa tsakanina da bakinsu.

Talata, da yamma

Ranar suna. Na ɗauki kayan jaririn da ta ɗinka da hannunta, riguna huɗu da hula, na taka har unguwarsu ta cikin gonaki. An sa masa Fatihu. A zaure na ji sunan, a bakin maroƙi, kamar baƙuwa.

Kulu na zaune ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce na zo ganin yaro.

Ta ce, "Yana barci."

Na ce, "Ko a barcin ne, Yaya Kulu."

Ta ce, "Matar wan ubansa ce ke ba shi nono, ba a son yawan jagwalgwalo. Ajiye kayan a nan." Sai ta juya wajen matan da ke zaune, ta ce, "Mun ba da amanar uwa an kai ta an soya. Ɗan ma so ake a kai shi?"

Wata ta yi dariya ta rufe baki da gyale. Na san ta. Ni na yi mata wankan jego shekara uku da suka wuce.

Na ajiye kayan a kan tabarma na fito. Ina jin kukansa a ɗaki. Ba barci yake ba.

Laraba, da safe

Malam ya ce in yi haƙuri, wai zafin mutuwa ne ke sa Kulu. Ni sanyin mutuwa nake ji ke nan? Ya ce a shari'a ma in uwa ta rasu, kakar wajen uwa ce ke da riƙo, amma ba zai kai surukansa gaban alƙali ba. Ya ɗauki fartanya ya fita. Namiji yana da gona da zai kai baƙin cikinsa.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Zaharaddini ya wuce ta ƙofar gidan nan a babur, bai tsaya ba. Yaron da ke cire takalmi tun daga bakin zaure in zai gaishe ni.

Asabar

Na wanke mata zannuwa. Ban san don me ba.

Litinin, bayan La'asar

Na koma asibitin. Ban gaya wa kowa ba, na ce kasuwar Kunci za ni.

Na sami wadda ta ba ni 'yan kunnen, Sista Tahira sunanta. Ban yi mata wata gaisuwar kirki ba. Na ce, "Me kuka ɗura wa 'yata?"

Ta kalle ni, ta jawo kujera ta ce, "Zauna, Mama." Ban zauna ba. Ta ɗauko 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, ruwa fari tas a ciki, ta ce maganiziyam salfet ake ce masa, shi ke tsayar da jijjiga.

Na ce, "An ce asid ne."

Ta ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Duk gari."

Ta ce, "Duk gari ya zo ya tsaya a ɗakin nan kwana ɗaya. Gishiri ne, Mama. Yana buɗe hanyoyin jini, shi ya sa duk wadda aka yi wa sai ta ce zafi take ji. Jiya ma na yi wa wata, ta zage ni tas, ga ta can tana shan kunu."

Na ce ba zan ɗauki maganar baki in kai wa masu baki ba. Ta buɗe wani kwali ta ba ni ɗaya da ta ce kwananta ya ƙare, zubarwa za a yi. Na ƙulle a bakin zane.

Har na juya sai ta ce, "Mama, kafin ta faɗi, ba ta yi kukan ciwon kai ba? Ko ciwo a nan, ƙasan haƙarƙari na dama?"

Na ce, "Ranar ne kawai."

Ta ce, "Allah sarki. Wasu yakan ba su kwana biyu ko uku yana gargaɗi. Sai a ɗauka ƙwannafi ne ko olsa, alhali hanta ce, jini ne ya hau. In aka zo a lokacin, da yawa muna samun su."

Na ce mata sai an jima.

Talata

Ban dafa komai ba. Malam ya sha fura a waje.

Alhamis, hantsi

Kwalbar na ƙarƙashin matashina kwana uku. Ina ciro ta in ɗaga a rana. Ruwa ne kawai. In asid ne, ni na sa hannu. In ba asid ba ne

Bari in je in ɗebo ruwa.

Asabar, bayan Azahar

Na aika a kira mini Malama Ramlat, matar ɗan maƙwabcinmu, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ita ta koyar da Humaira. Ita kaɗai ce a unguwar nan ta zo gaisuwa ta yi kuka na gaske.

Na nuna mata kwalbar, na ce, "Ke kin yi boko. Asid ne ko ba asid ba ne? Kar ki lallashe ni."

Ta ce, "Inna Aina'u, kina da zoɓo?"

Na ce, "Ramlat, ba wasa na kira ki ba."

Ta ce, "Wallahi ba wasa nake ba. In miyar yakuwa ta yi tsami, me kike sa mata?"

Na ce kanwa.

"In kanwa ta yi yawa fa?"

Na ce ta yi baƙi, a ƙara tsamiya.

Ta ce, "To kin gama karatun da nake koyarwa zango guda."

Ta jiƙa zoɓo, ta sirka shi da ruwa sosai, ta ɗiga masa ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har jan ya dushe ya koma kamar ruwan rini. Ta raba a kofin gilashi uku. Ta ce abubuwa iri uku ne a duniya: masu tsami, su ne asid, da masu kashe tsami irin kanwa da toka, sai 'yan ba-ruwanmu irin gishirin miya. Zoɓo kuma ba ya ɓoye wanda ya shige shi.

Ta matsa lemon tsami a na farko. Nan take ya koma ja wur. Ta ce, "Kin ga aikin asid."

Ta fasa wuyan kwalbar da bakin zane, ta ɗiga rabi a na biyu. Na ƙura ido har ya yi mini ruwa. Bai motsa ba. Yadda yake, haka yake.

Ta ce, "Gishiri ne. Ba ya tsami, ba ya kashe tsami."

Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan turmi.

Da ta tsaya nan da shi ke nan. Sai ta ɗaga ido ta hango kwalbar mismag a kan taga, farin maganin nan na olsa da ake saya a kemis, saura kaɗan a gindi. Ta ce, "Yauwa, ga ɗan'uwansa." Ta girgiza, ta zuba a kofi na uku. Ya juye ya yi kore-kore mai duhu, kamar ruwan kududdufi.

Ta ce, "Kin gani? Shi ma da maganiziyam a ciki. Ubansu ɗaya, amma hali kowa da nasa. Wannan dangin kanwa ne, aikinsa ya kashe tsamin ciki, iyakarsa ke nan. Wancan shi ke shiga jini."

Na ce, "Wannan ba ya zuwa hanta?"

Ta yi dariya ta ce, "Ina! Ko kusa. Wa ke olsa a gidan, Baba Malam?"

Na ce eh.

Malam bai taɓa olsa ba a rayuwarsa.

Lahadi

Na toshe sauran allurar da ƙullin leda. Kwalbar mismag na jefa ta a masai.

Laraba, bayan La'asar

Na je. Na ɗauki zoɓona mai ɗigon kanwa a jarka, kofi biyu, lemon tsami, da sauran allurar. Biyu na ɗauka, ba uku ba. Na zaɓi yau don na ji Zaharaddini ya dawo daga Kano.

Kulu na tankaɗe a tsakar gida, da surukanta mata biyu da wata maƙwabciya. Ta ce, "Ikon Allah. Talla aka fara?"

Na ce, "A kira mini ɗanki."

Ta ce, "Ba ya nan."

Ya fito daga ɗaki. Ya rame, wuyansa kamar na zakara. Ya durƙusa daga nesa, bai ɗago ba.

Na jera kofunan a bayan tire. Na faɗa musu yadda Ramlat ta faɗa mini. Na ce duk macen da ke nan ta san abin da tsami ke yi wa zoɓo, in ƙarya nake ku ƙaryata ni. Na matsa lemo, ya yi ja. Na ɗaga kwalbar na ce, "Wannan ita ce irin wadda aka yi mata. Ga sunan a jiki, kai ka iya karatu." Ya matso ya karɓa ya duba. Na ce ya zuba da hannunsa. Ya zuba.

Muka tsaya a kan kofi kamar masu jiran wata. Maƙwabciyar ta ce, "Wallahi bai canza ba."

Kulu ta ce, "To sai me? Cikin mutum zoɓo ne? Da kunnena na ji yarinya na ihun wuta."

Na ce, "Ni ma na ji, Yaya Kulu. Ni ta kira, ba ke ba."

Ta ce, "Kwashe tsafinki ki fita mini daga gida."

Na tsoma yatsa a kofin na biyu na lasa a gabansu, na ce, "Ga shi, in ƙone." Ɗaci-ɗaci ne da gishiri-gishiri. Na kwashe kayana. Har na kai zaure ba wanda ya ce mini ga yaro. Amma Zaharaddini na nan durƙushe da 'yar kwalbar a hannu, yana juya ta.

Alhamis

Wai yanzu cewa ake na haukace, ina yawo da kofuna. Gara mahaukaciya.

Lahadi, da hantsi

Ramlat ta ce Zaharaddini ya je makarantarsu ya same ta, ya sa ta sake yi masa daga farko. Daga nan ya wuce asibiti. Ta ce, "Inna Aina'u, gaskiyarki ta fito." Tana murna. Na ce mata Allah ya yi albarka, na shige ɗaki.

Talata, bayan Azahar

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ranar Asabar ta fara. Ta ce, "Inna, kaina, kuma nan wurin kamar an soka mini wuƙa." Ta dafa ƙasan haƙarƙarinta. Na ce ƙwannafi ne, ɗan mai gashi ne, ni ma haka na yi da cikinki. Na sayo mata mismag a kemis. Ta sha, ta ce ya ɗan lafa. Ina jin don ta faranta mini ta faɗa.

Lahadi fuskarta ta kumbura, zoben ya kama yatsa. Ta ce tana ganin wasu taurari. Na ce ta rage kwanciyar rana. Da yamma mijinta ya bugo waya, ta miƙo mini don ba ta iya magana. Ya ce, "Inna, ya jikin nata?" Na ce lafiya ƙalau.

Litinin ta ce, "Inna, ko mu je awo?" Awonta sai Alhamis. Akwai mata uku a tsakar gida suna taya ni gyaran gyaɗa. Na ji kunya. Na ce a raina, za su ce Aina'u na rawar jiki a kan 'yar fari, ciwon kai kawai ta ɗauke ta sai asibiti. Na ce da ƙarfi don su ji, "Ke, raki gare ki. Haihuwar ma fa?" Suka yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Ta ƙara shan cokali biyu ta shiga ɗaki.

Da 'yar maƙwabta ce ta faɗa mini haka, da ni zan fara cewa a tafi.

Kulu ta yi ƙarya a kan allura. Amma da take cewa an ba ni amana, ba ta yi ƙarya ba. Na tsane ta, kuma na fi tsanarta don wannan.

Laraba

Gero ya fara fitar da kai. Wanda ya kwanta ma ya tashi.

Juma'a, bayan La'asar

Ina shara na ji sallama a zaure. Zaharaddini ne, ya cire takalmi. Bayansa matar wansa ce da goyo. Ya durƙusa har ƙasa.

Ya ce, "Inna, na zo neman gafara. Na je wurin Malama, na je asibiti. Sista ta ce da ba ki kawo ta a lokacin da kika kawo ta ba, da yaron ma ba a same shi ba. Mun zalunce ki."

Na ce, "Tashi. Ba komai."

Ya ce, "Tsohuwa ba ta so ba, amma na gaya mata ɗana ne. Kullum da safe za a kawo miki shi, a ɗauke shi da yamma saboda nono. In an yaye shi, naki ne." Sai ya ƙara da cewa, "Abin da ke sanyaya mini rai ɗaya ne, ba ta sha wuya ba. Ranar Lahadi ma ai kin ce mini lafiyarta ƙalau. Ciwon rana ɗaya ne, kuma a ranar kika kai ta. Ko ni ne a gida iyakar abin da zan yi ke nan."

Matar ta kwance goyon ta miƙo mini.

Ba shi da nauyi. Kansa cike da gashi, baƙi sul, mai laushi. Goshin uwarsa ne, har 'yar tsagar haɓa. Yana sanye da rigar da ta ɗinka, mai ruwan ƙwai, hannun ya yi masa tsawo. Ya kama yatsana ya ƙi saki. Na buɗe baki. Zaharaddini na kallona yana jira, ya ɗauka albarka zan sa masa.

Na sa masa albarka.

Sun bar mini shi zuwa Magariba. Malam ya shigo ya gan shi, ya juya ya fita da sauri, na ji yana fyace hanci a zaure. Yanzu yaron yana bayana, na goya shi da zanenta, ina jin numfashinsa a tsakiyar kafaɗuna. In na faɗa, Kulu ta sami abin da take nema, kuma wannan karon ba kofin da zan ɗauka in je da shi. In ban faɗa ba, da ƙarya na karɓe shi.

Gobe arba'in. Na jiƙa gero, na aika a sayo itace. Ban gaya wa uban yaron nan zancen kwana ukun ba.